Hayaniya a Cikin Hasken Taurari: Abin da ya Taƙaita Madubin Kepler Wajen Neman Duniyoyi

A safiyar ranar 7 ga watan Nuwamba na shekarar 1631, wani malami Bafaranshe mai suna Pierre Gassendi ya duhunta ɗakinsa a birnin Faris, ya shigo da hoton Rana ta cikin madubin hangen nesa har bisa farar takarda, ya zauna yana jira. Abin da yake jira kuwa shi ne giftawar duniyar Makyuri ta gaban Rana, wadda masanin taurari Bajamushe Johannes Kepler ya riga ya lissafta ranarta, amma Allah bai nufe shi da ganinta ba, domin ya rasu a 1630. Da gajimare ya yaye, sai Gassendi ya ga wani ɗan baƙin ɗigo a fuskar Rana, ƙanƙane ƙwarai, har ya ɗauka irin tabon nan ne da kan fito wa Rana lokaci-lokaci. Sai da ya lura ɗigon yana tafiya da saurin da tabo ba ya yi, sa'an nan ya sakankance cewa duniya ce.

Wannan ruɗani na Gassendi, watau rarrabe inuwar duniya da halin Rana ita kanta, bai ƙare a kansa ba. Shekara 378 bayan haka, cikin watan Maris na 2009, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba wani madubin hangen nesa zuwa sama, ta raɗa masa sunan Kepler, ta ɗora masa aikin neman duniyoyi masu girman Duniyar ɗan Adam waɗanda ke kewaya wasu taurari irin Rana. Madubin ya gano duniyoyi fiye da 2,600 kafin a sallame shi a watan Oktoba na 2018, amma wadda aka aike shi nema musamman, watau tagwayen wannan Duniya, bai kawo ta a hannu ba. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana dalili, kuma dalilin yana cikin wani abu da masana ke kira hayaniya.

Yadda ake farautar

Tauraro rana ne, nisa ne kawai ya mai da shi ɗigon haske. Saboda wannan nisa, babu madubin da zai nuna baƙin ɗigo yana ratsa fuskarsa kamar yadda Gassendi ya gani. Abin da ya rage shi ne a auna hasken tauraron ba dare ba rana, a jira lokacin da zai ɗan dusashe, ya daɗe haka na 'yan sa'o'i, sa'an nan ya koma yadda yake. Idan wannan dusashewa ta riƙa dawowa a kan ƙayyadadden lokaci, da zurfi iri ɗaya, to, akwai alamar wani abu yana kewaya tauraron yana tare haskensa.

Yawan hasken da ake tarewa ya danganta ga faɗin duniyar in an gwada shi da faɗin tauraron. Mushtari, wadda ta fi dukkan duniyoyin Rana girma, faɗinta wajen kashi ɗaya cikin goma ne na faɗin Rana, don haka tana tare kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na haskenta. Duniyar ɗan Adam kuwa, sai an jera irinta 109 kafin su ratsa fuskar Rana daga gefe zuwa gefe. Mai kallo daga wani tauraro mai nisa zai ga hasken Rana ya ragu da kashi 84 cikin miliyan kurum, na tsawon sa'a 13 in ta ratsa ta tsakiya, sau ɗaya a shekara. Mai karatu ya ƙaddara an kunna fitilu dubu goma sha biyu a wani fili, shi kuma yana can nesa inda duk suka haɗu suka zama haske guda, aka ce ya faɗi daren da aka kashe guda ɗaya a cikinsu. Aikin da aka ba Kepler ke nan.

Bugu da ƙari, ba kowace duniya ce ke gifta gaban tauraronta ta ɓangaren mai kallo ba. Ga mai falaki irin na wannan Duniya, dacewar ba ta wuce ɗaya cikin ɗari biyu ba. Shi ya sa aka kafa wa Kepler ido a kan fage guda na sama, tsakanin rukunan taurarin Siginas da Laira, yana auna taurari kimanin 150,000 a lokaci ɗaya, duk bayan kusan rabin sa'a.

Kalmar hayaniya

Ya kamata a tsaya kaɗan a kan kalmar, domin tana iya ɓad da mai karatu. Injiniyoyin wayar tarho da na rediyo ne suka fara amfani da kalmar Ingilishi mai ma'anar ƙara ko surutu, don su ambaci shuuu ɗin nan da ke cakuɗa da muryar mai magana. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa, ta tattara duk wani tsalle-tsalle da ke shiga cikin awo wanda ba shi ake son aunawa ba, ko da kunne ba ya jin komai. A Hausa ana iya cewa ƙara, amma ƙara tana iya fitowa daga abu ɗaya, kamar tsawa ko bindiga. Surutu kuma na baki ne. Hayaniya ta fi dacewa, domin ita sai da taro, kuma aibinta shi ne hana a ji wanda ake son ji. Wanda ya taɓa ƙoƙarin jin raɗa a tsakiyar kasuwa ya san cewa ba ƙarfin muryar mai raɗar kaɗai ne abin dubawa ba, a'a, ƙarfinta ne in an gwada da na kasuwar. Haka masana ke yi: kullum suna raba girman alamar da ake nema da girman hayaniyar da ta kewaye ta, abin da ya fito shi ne ma'aunin amincewa.

Hayaniya ta farko da aka guje wa ita ce ta iskar da ke lulluɓe da Duniya. Ƙyaftawar da taurari ke yi da dare ba daga gare su take ba, iska ce mai zafi da mai sanyi ke kaɗawa tana karkatar da hasken. Saboda ita, da wuya madubin da ke ƙasa ya auna haske fiye da daidaiton kashi ɗaya cikin dubu. Wannan ya isa a kama manyan duniyoyi. A 1999 David Charbonneau da abokan aikinsa sun ga giftawar wata ƙatuwar duniya a gaban tauraro HD 209458 da ɗan madubi mai faɗin santimita 10 a jihar Kolorado, domin hasken ya ragu da fiye da kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. Amma kashi 84 cikin miliyan ya nutse a cikin ƙyaftawar, balle kuma gari yana wayewa a katse kallo. Dole a fita sama da iska.

Mutumin da ya nace a kan haka shi ne William Borucki na cibiyar NASA ta Ames a Kalifoniya. Sau huɗu ana mayar masa da shawararsa, a 1992 da 1994 da 1996 da 1998, kuma yawancin dalilan suna komawa ga shakka a kan ko akwai na'urar da za ta iya irin wannan awo. Sai da shi da mutanensa suka gina sama ta ƙarya a ɗakin gwaji: farantin ƙarfe mai ƙananan huji fiye da dubu, haske yana fitowa ta cikinsu kamar taurari, an gitta siririyar waya a bakin wasu. In aka saki lantarki, wayar ta yi zafi ta ɗan kumbura, ta tare kimanin kashi 80 cikin miliyan na hasken hujin. Da na'urar ta kama wannan, sai aka amince da aikin a watan Disamba na 2001.

Hayaniyar da ke cikin haske kansa

Fita sama ba ta raba mai awo da hayaniya ba, domin akwai wadda take cikin halittar haske. Haske ba ya kwarara kamar ruwan famfo. Ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kamar yayyafi, kuma babu ƙwayar da ta san lokacin da 'yar'uwarta za ta iso. A ajiye ƙwarya biyu masu girma ɗaya a tsakar gida ana yayyafi, a ƙirga ɗigon da ya faɗa cikin kowace a minti guda. Ba za su zo daidai ba. Wata ta sami 95, wata 108, alhali kuwa ruwan sama ɗaya ne. Idon Kepler ma ƙore ne a jere: allunan lantarki 42 masu ɗauke da ƙananan gurabu kusan miliyan 95, kowane gurbi yana tara ƙwayoyin hasken da suka faɗo masa, ana ƙirgawa.

Wannan saɓani yana da doka, wadda ake jingina wa masanin lissafi Bafaranshe Siméon Poisson, da ya wallafa ta a 1837. Dokar ta ce gwargwadon tsallen da ƙirga ke yi shi ne saiwar adadin, watau lambar da in an riɓa ta da kanta za ta ba da adadin. In ana sa ran ƙwaya 100, tsallen wajen 10 ne, kashi goma cikin ɗari ke nan. In 10,000 ne, tsallen 100 ne, ya koma kashi ɗaya cikin ɗari. In miliyan ne, tsallen dubu ne, kashi ɗaya cikin dubu. Hayaniyar tana ƙaruwa, amma adadin ya fi ta saurin ƙaruwa, saboda haka rabonta yana raguwa. Sai dai ragin yana da tsada ƙwarai. Mai son ya rage hayaniya da rabi, tilas ya tara haske ninki huɗu. Mai son ya rage ta ninki goma, sai ya tara ninki ɗari. Hanyoyin tarawa kuwa uku ne kawai: a faɗaɗa madubi, ko a zaɓi tauraro mai haske, ko a daɗe ana kallo.

Bakin madubin Kepler santimita 95 ne. Tauraron da aka ɗauka abin gwaji shi ne mai daraja ta 12 a ma'aunin masana, wanda ya fi tauraro mafi dusashewa da ido ke iya gani rauni wajen sau 250. Daga irin wannan tauraro, Kepler yana tara ƙwayoyi kimanin biliyan biyar cikin sa'a shida da rabi. Saiwar biliyan biyar ta ɗan haura dubu saba'in, kuma in an raba, hayaniyar ta kama kashi 14 cikin miliyan. Wannan ita ce ƙasan rijiya. Babu gwanintar injiniya da za ta sauka ƙasa da ita, muddin madubin da tauraron da lokacin ba su canza ba.

Hayaniyar na'ura

Ita kuma na'urar tana da nata surutun. Duk bayan daƙiƙa shida ake karanta abin da gurabun suka tara don kada su cika su tumbatsa, kuma kowane karatu yana shigo da ɗan kuskure. Zafi yana sa gurbi ya ƙirga ƙwayar da ba ta zo ba, don haka aka sanyaya allunan zuwa kimanin digiri 85 ƙasa da sifiri. Gurabun ba su da kaifi ɗaya, wani ya fi wani ji, saboda haka in madubin ya ɗan motsa, hoton tauraro ya zame daga wannan gurbi zuwa wancan, sai a ga haske ya canza alhali tauraron bai yi komai ba. A nan injiniyoyin suka yi wata dabara da za ta ba mai ɗaukar hoto haushi: da gangan suka hana hoton fita tsaf, suka bar kowane tauraro ya bazu bisa gurabu da yawa, domin ba kyan hoto ake nema ba, ƙirga ake so.

Wurin da aka ajiye madubin ma saboda hayaniya aka zaɓe shi. Wanda ya riga shi, CoRoT na Faransa da aka harba a Disamba 2006, yana kewaya Duniya ne a kurkusa, yana ratsa wani yanki a saman kudancin tekun Atilantika inda ƙwayoyin lantarki masu ƙarfi ke dukan allunansa. Shi Kepler sai aka sake shi ya bi Rana a bayan Duniya, yana kammala kewaye cikin kwana 372 da rabi. Duk da haka bai tsira sarai ba. Ƙwayoyi masu ƙarfi daga sararin samaniya sukan bugi gurbi su rage masa kaifi farat ɗaya, abin ya yi kama da faɗuwar haske. Kowane wata yakan juya ya fuskanci Duniya don aiko da abin da ya tara, zafin jikinsa ya canza, sai ya yi kwanaki kafin ya daidaita. Kowane wata uku kuma ana mirgina shi rubu'in juyi domin allunan da ke ba shi wuta su ci gaba da fuskantar Rana, kowane tauraro ya koma kan wani allo dabam mai nasa hali.

Masu tsara aikin sun yi wa hayaniya kasafi kamar na kuɗi. Sun ba haske da karatun gurabu 14, na'ura 10, tauraro kansa 10, duk cikin miliyan. Mai karatu zai ce jimla 34 ke nan, amma hayaniyoyin da ba su san juna ba ba haka ake tara su ba, domin wani lokaci wannan ta ja sama waccan ta ja ƙasa. Ana riɓa kowace da kanta, a tara, a ɗauki saiwa: 196 da 100 da 100 sun ba da 396, saiwarsa kuwa kusan 20. Abin lura a wannan lissafi shi ne babbar hayaniya ce ke mulki. In ɗaya ta yi girma, gyaran ƙananan ba ya tsinana abin kirki.

Tauraro ba fitila ba ne

Kashi goman da aka ware wa tauraro daga Rana aka samo shi, domin ita kaɗai ce tauraron da aka taɓa aunawa da irin wannan daidaito, musamman da kumbon SOHO da aka harba a Disamba 1995. Fuskar Rana ba a kwance take ba. Tafasa take kamar tukunyar kunu, ƙullutu masu zafi da faɗinsu ya kai kilomita dubu suna tasowa, su yi 'yan mintoci, su huce su nutse, wasu su maye gurbinsu. Jikinta duka yana kaɗawa, yana kumbura yana saɓewa duk bayan kimanin minti biyar. Ga kuma tabo, irin wanda ya ruɗi Gassendi. A ƙarshen Oktoba na 2003 wasu manyan tabba sun rage hasken Rana da wajen kashi uku cikin dubu, watau fiye da ninki talatin na abin da giftawar Duniya za ta rage.

Tabo, duk da girmansa, ba shi ne babban abokin gaba ba, domin a hankali yake shigowa yana fita yayin da tauraro ke juyawa, cikin kwanaki ko makonni, giftawa kuwa ta sa'o'i ce. Ana iya tace shi da lissafi. Abin da ba ya tacuwa shi ne motsin da tsawonsa ya yi daidai da na giftawar, na sa'a shida zuwa goma sha biyu, domin duk rariyar da ta cire shi za ta tafi da duniyar da ake nema.

A 2011 Ronald Gilliland da abokan aikinsa suka bincika awon da Kepler ya aiko, suka rarrabe hayaniyar gida-gida. Na'urar ta yi aikinta kusa da yadda aka zata. Taurarin ne suka saɓa alkawari: maimakon 10, matsakaicin tauraro irin Rana ya ba da kusan 20. Jimlar da aka yi kasafi a kan 20 sai ta tashi kusan 30. Masana sun yi ta muhawara bayan haka a kan ko Rana ce ta fi 'yan'uwanta natsuwa, ko kuwa an auna ta ne ta hanyar da ta rage mata laifi. Ko wanne ne, an gina kasafin taurari 150,000 a kan shaidar tauraro ɗaya, kuma ba a ga yadda za a yi wani abu dabam ba a lokacin, tun da babu na biyu da za a tambaya.

Bambancin 20 da 30 yana da kamar ƙarami, sai an bi lissafinsa. Ba a karɓar alama a matsayin duniya sai ta fi hayaniya ninki 7.1. Jon Jenkins da abokansa ne suka tsai da wannan iyaka, domin kwamfuta tana gwada zato kimanin miliyan sau miliyan a kan taurarin, kuma a cikin gwaji mai yawa haka, hayaniya zalla za ta riƙa haifar da siffar giftawa bisa katari in iyakar ta yi ƙasa. To, giftawa ɗaya mai zurfin 84 a kan hayaniyar 20 ta ba da ninki huɗu da ɗan kai, bai isa ba. Amma in aka ɗora giftawa huɗu bisa juna, dokar saiwa ta ninka amincin sau biyu, ya haura takwas, an ƙetare. A kan haka aka tsara aikin na shekara uku da rabi. Da hayaniya ta zama 30, giftawa ɗaya ta koma 2.8, huɗu suka ba da 5.6. Kafin a kai 7.1 sai an ga giftawa bakwai, kuma duniya irin wannan sau ɗaya take giftawa a shekara.

NASA ta gane haka, a watan Afrilu na 2012 ta ƙara wa aikin wa'adi zuwa 2016. Sai dai madubin yana tsayar da idonsa ne da wasu wili huɗu masu juyawa a cikinsa, kuma yana bukatar uku. Ɗaya ya lalace a Yuli 2012, na biyu a Mayu 2013. Kallon wancan fage ya tsaya a shekara huɗu. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Wannan hasara ba ta shafi kowace irin duniya ba. Wadda ke kusa da tauraronta tana giftawa a kai a kai, lokaci yana gefenta. Kepler-10b, duniyar dutse da aka sanar a Janairu 2011, tana kewaye cikin sa'a 20, ta gifta fiye da sau 400 a shekara, don haka zurfinta na kimanin 150 cikin miliyan ya fito fili ba gardama. Kepler-37b, da aka sanar a 2013, da kaɗan ta fi Wata girma, abin da take tarewa bai kai 20 cikin miliyan ba, ƙasa da hayaniyar awo guda, amma da yake duk kwana 13 take dawowa, kuma tauraronta mai haske ne mai natsuwa, an kama ta. Ashe ƙanƙanta kaɗai ba ta ɓoye duniya. Ƙanƙanta ce tare da doguwar shekara, kuma waɗannan biyu su ne siffar duniyar da ruwa zai iya kwanciya a kanta kusa da tauraro irin Rana.

Hayaniya mai tsari

Akwai sauran magana, kuma ita ce mafi wuya. Dokar saiwa tana aiki ne in kowane kuskure bai san na gabansa ba. Amma wata hayaniyar tana da tsari, tana dawowa. A wasu allunan Kepler akwai wani ratsi na lantarki da ke tafiya a hankali in zafi ya canza, yana ɗaga haske yana saukewa na tsawon sa'o'i. Da yake madubin yana mirginawa sau huɗu ya dawo yadda ya fara, tauraro yakan koma kan allo mai wannan aibi sau ɗaya a kowane kewaye. Sakamakon haka, kwamfuta ta tara tulin alamun ƙarya masu maimaituwa duk kwana 372 ko kusa da haka, watau daidai unguwar da ake neman tagwayen Duniya mai kwana 365. Da gangan aka shirya, da ba a fi haka ɓata wa masu binciken rai ba.

Hanyar da suka bi don auna wannan ƙarya tana da ban sha'awa. Sun kifar da awon, sama ta koma ƙasa, yadda duk giftawa ta gaskiya za ta zama ƙarin haske maimakon ragi, sa'an nan suka sake tura shi cikin kwamfuta. Duk duniyar da ta fito daga wannan awo kifaffe, lalle ƙarya ce. Sun kuma yamutsa jerin shekarun, sun dasa giftawar ƙirƙira don su ga nawa za a kama. Kundin ƙarshe da Susan Thompson ta jagoranta, wanda aka fitar a 2017, ya ƙunshi 'yan takara 4,034. Mafi yawansu amintattu ne ƙwarai, amma a ɓangaren masu raunin alama da doguwar shekara, gwajin ya nuna kusan rabi ne kawai abin dogara.

Kepler-452b ta faɗa cikin wannan rigima. An sanar da ita a Yuli 2015 da ɗoki mai yawa, domin tauraronta ya yi kama da Rana, shekararta kwana 385, faɗinta ya fi na Duniya da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Shaidarta kuwa giftawa huɗu ce, kowace mai zurfin kusan 200 cikin miliyan. A 2018 Fergal Mullally da wasu suka nuna cewa an kawar da zaton wani tauraro ne ke kwaikwayon duniya, amma ba a kawar da zaton na'ura ce ke yi ba, saboda haka ya kamata a mai da ita sahun 'yan takara har wani madubi dabam ya gani. Wannan hukunci ya fi kusa da adalci. Ba a ce babu ita ba, an dai ce shaidu huɗun daga gida ɗaya suka fito.

Bayan lalacewar wili biyu, an ci gaba da amfani da madubin daga 2014 a ƙarƙashin sunan K2, ana jingina shi da matsin hasken Rana, ana gyara zamewarsa da ɗan tunkuɗin roka duk bayan wajen sa'a shida. Hayaniyar zamewa ta ƙaru ƙwarai, masu lissafi irin su Andrew Vanderburg suka koyi cire mafi yawanta, kuma a 2015 har Kaza da 'Ya'yanta ya kalla. Amma ba ya iya tsayawa a fage ɗaya fiye da kwana 80, wanda ba ya isa ga duniya mai doguwar shekara. TESS da aka harba a Afrilu 2018 ya bi wata hanya, ya zaɓi taurari masu haske na kusa, da kyamarori huɗu masu bakin santimita 10, yana ba yawancin fagage kwana 27 a zama ɗaya. Gurabunsa manya ne, kowane ya ninka na Kepler faɗi sau biyar a sama, don haka hasken maƙwabta yakan cakuɗa da na tauraron da ake aunawa.

Wanda aka tsara don ya koma kan tambayar Borucki shi ne PLATO, da hukumar sararin samaniya ta Turai ta zaɓa a 2014. Maimakon babban madubi ɗaya, an ba shi kyamarori 26, kuma dalilin dokar saiwa ce: in kyamarori da yawa suka kalli tauraro guda, hayaniyar haske tana raguwa, aibin allo ɗaya kuma ba ya iya yin shaidar zur shi kaɗai, tun da sauran za su ƙaryata shi. Tafasar tauraron ce kawai wannan dabara ba ta taɓawa, domin dukkan kyamarorin abu ɗaya za su gani a lokaci ɗaya. Saboda ita aka tsara ya zaɓi taurarin da suka fi na Kepler haske, ya auna kaɗawar jikinsu don a san girmansu da shekarunsu, ya kuma kafa ido a kan fage guda na kudancin sama na aƙalla shekara biyu ba ɗagawa.